Gadon Dukiya da Gadon Sana'a

Duk wanda ya daɗe yana zirga-zirga a Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi ya san rumfunan da a da ake cincirindo a ƙofarsu, waɗanda da maigidan ya riga mu gidan gaskiya, kafin a yi sadakar arba'in an kirawo dillalai sun yi wa kaya kima, an sayar, an raba kuɗin, kowane magaji ya kama gabansa. Jama'a kan ɗora alhakin wannan a kan rabon gado, ni kuwa ina ganin an zalunci ilmin fara'ili, domin abin da Shari'a ta ƙayyade shi ne haƙƙin kowa, matan mamaci su sami sumuni idan akwai 'ya'ya, ɗa namiji ya sami rabon mata biyu, amma ba ta wajabta a rushe rumfa a watsar da abokan ciniki ba, matuƙar magada sun yarda su zauna cikin tarayya.

Alal misali, Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro daga ƙasar Gwanja kafin ya shahara a cinikin gyaɗa, bai rasu a shekarar 1955 ba sai da ya hori 'ya'yansa da su riƙe kamfaninsa a haɗe. Kuma da yake ya riga ya sa su cikin aikin tun yana raye, ɗansa Ahmadu ya karɓi ragama, da shi ma ya rasu a 1960 ɗan'uwansa Aminu ya ɗora, ya riƙe gidan shekaru masu yawa har Allah ya karɓi ransa a 2025.

Yawancin attajiranmu, sai dai a yi haƙuri, littafin kasuwarsu yana cikin ƙirjinsu: wanda ake bi, wanda ke bin su, ajiyar da aka ba su amana, duk babu rubutu, alhali kuwa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi. Ɗa kuma ba ya iya buɗe baki ya tambaya, don kada a ce yana ƙosawa da ran mahaifinsa. Tun da yake wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yin ta ga magaji sai da yardar sauran, uba ba shi da ikon ƙulle kanti ga ɗan da ya fi basira. Abin da yake iyawa shi ne ya yi wa kasuwancin rajista, ya mayar da shi hannayen jari da za su rabu bisa fara'ili, sa'an nan ya naɗa mai gudanarwa da albashi sananne, ko da ba babban ɗa ba ne, ko da ma yaron shagon nan ne da ya yi shekara ashirin yana riƙe da makulli. Sharaɗi guda, kada “a bar dukiya a haɗe” ta zama hilar cinye rabon mata da marayu, waɗanda ba sa zuwa kasuwa balle su ga lissafi. A riƙa kai musu ribarsu har ɗaki, da takardar shaida, kowace shekara lokacin fitar da zakka.