Ganyen Damina Daban, Na Bazara Daban

A kasuwannin Dutsin-Ma da Kurfi, mai sayen ƙullin ganyen sabara ko marke farashi yake tambaya. Ba kasafai ake tambayar watan da aka tsinko shi ba, alhali lafiyar majinyaci ta rataya a kan amsar.

Tsiro yana haɗa sinadaransa ne domin kare kansa daga ƙwari da zafin rana da ƙishirwa, don haka yawansu yakan hau ya sauka bisa yanayi. Tanin, sinadarin nan mai bauri da ke taimakawa wajen tsayar da gudawa, ba lallai yawansa a tohon damina ya zo daidai da na ƙosasshen ganyen kaka ba. Tazargade kuwa, wadda bincike a kanta ya samar wa Tu Youyou ta ƙasar Sin kyautar Nobel a 2015, sinadarinta na maganin zazzaɓin cizon sauro ya fi taruwa gab da fitar fure. Ke nan cokalin garin da ya yi wa yaro daidai a Agusta yana iya gazawa, ko ya zarce kima, a Afrilu.

Tun 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin girbin tsirran magani, ciki har da kula da lokaci. Ya kamata Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ta riƙa ɗibar ganye daga itace guda a damina, kaka, hunturu da bazara, ta auna, sannan ta mayar wa masu maganin gargajiya sakamakon da Hausa. Su kuma su riƙa rubuta watan tsinka a jikin kowane ƙulli.