BA A YI WA MUTUM ASKI BA YA NAN

Jama'a, sau da yawa mahukunta sukan ce za su gyara Majalisa ta zama irin ta zamani. In ka bincika sai ka tarar abin da suke nufi shi ne sababbin kujeru, da na'urar sanyaya ɗaki, da kwamfuta a gaban kowane wakili. Mu ba mu ƙi waɗannan ba. Amma a ganinmu gyaran Majalisa na gaskiya shi ne talaka ya san abin da ake zartarwa da sunansa, ya kuma san inda wakilinsa ya tsaya.

Mutanen Gaya da Ajingi ba su bukatar a ba su labari. Ran 8 ga Mayu 2019 Gwamna Abdullahi Ganduje ya sa hannu a kan dokar da ta ɗaga Gaya ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, tare da Rano da Ƙaraye da Bichi, bayan Majalisar Dokokin Kano ta gama da ita cikin 'yan kwanaki. A watan Nuwamba kotu ta soke dokar saboda ba a bi ƙa'ida ba, a watan Disamba aka sake yin ta. Ran 23 ga Mayu 2024 Majalisar ta rushe masarautun, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a wannan rana. A watan Yuli na shekarar aka mayar da Gaya mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. Gwamnati biyu, jam'iyya biyu, hali ɗaya. Wane manomi aka tara a Gaya ko a Ajingi aka nemi ra'ayinsa kafin a ɗaga, ko kafin a sauke?

To, ga abin da muke nema. Kowace doka mai nauyi a buga ta da Hausa tun kafin karatu na biyu. A zauna a saurari jama'ar da abin ya shafa a garinsu. A daina yanke magana da ihun "e" da "a'a", a ƙidaya ƙuri'a da sunan kowane wakili, a manna sakamakon a sakatariyar ƙaramar hukuma. In kwamfuta za ta yi wannan aiki, madalla da ita.

Haka kuma batun littattafai. Ilmin ƙasar nan da littafin da aka kawo daga nesa ya ginu. Risala da Muhtasar da Ishriniya da malamanmu ke karantarwa a zaure, duk ba a Kano aka wallafa su ba, kuma bugun Masar da na Bairut sun daɗe suna isowa hannun almajirai ta Kasuwar Kurmi. Turawan mulki ne suka sa wa littattafan Larabci ido don tsoron Mahadiyanci, tsoron da ya sa suka kama Malam Sa'idu ɗan Hayatu a 1923, daga baya suka kai shi gudun hijira Kamaru. A 2007 an ƙona littattafan hikaya na Hausa a Kano, a 2023 kuma Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta hana littafin Queen Primer. Ba mu ce kowane littafi alheri ne ba, akwai wanda bai kamata ya shiga hannun yaro ba. Amma sashe na 38 da na 39 na Tsarin Mulkin 1999 sun ba kowa 'yancin addini da na neman sani. Duk wanda zai hana littafi, musamman na addini, ya faɗi sunansa da shafin da laifin yake, a ji ta bakin malamai na kowane ɓangare, a kuma bar ƙofar kotu a buɗe. In aka bar wa jami'i ɗaya wannan iko, yau littafin abokin hamayyarka zai hana, gobe naka.

Sai maganar waɗanda ake zargi da cin dukiyar jama'a su tsere waje. Ran 5 ga Yuli 1984 aka sace Alhaji Umaru Dikko a Landan, aka same shi cikin akwati a filin jirgin sama na Stansted. Me aka samu? Mutum huɗu suka tafi kurkuku a Ingila, zumuncin ƙasashen biyu ya ɓaci, shi kuwa bai taɓa tsayawa gaban alƙali a kan zargin ba. Dubi kuma Abdulrasheed Maina na kuɗin fansho. Ya tsallake beli, 'yan sandan Nijeriya da na Nijar suka haɗa kai aka kama shi a Yamai a ƙarshen Nuwamba 2020, aka dawo da shi, a Nuwamba 2021 kotu ta ɗaure shi shekara 8. Hanyar akwati ta jawo kunya, hanyar shari'a ta kai ga hukunci. Abin da muke ƙi shi ne a bi wanda ya ɓata da Gwamnati har ƙasar waje, a kyale na gindinta yana yawo a gida.

Shigo da kaya da maido da masu laifi duk ikon Majalisar Tarayya ne. Saboda haka muna kira ga wakilin Gaya da Ajingi da Albasu a Abuja, da wakilanmu na Majalisar Kano, su zo gida su faɗa wa waɗanda suka zaɓe su inda suka tsaya a kan waɗannan abubuwa uku. Ku kuma 'yan'uwa talakawa, in sun zo neman ƙuri'a ku tambaye su, kada ku ji nauyi. Allah ya ba mu shugabanni masu jin kira, amin.