Wasiƙa a Buɗe ga Masu Gashin Ƙashi Kan Hannun Manomin Birnin Gwari



Ina so mu duba lamarin manomin da ya taso daga Kuyello ko Randagi da jijiyar yatsa a tsinke, ko yankan lauje ne ko saran adda. Likita ya ɗinke masa a asibitin Shika ko na Dala, aka miƙo mana shi. Mu kuma muka ce ya riƙa zuwa sau biyu a mako. Daga garin Birnin Gwari zuwa Kaduna kaɗai ya haura kilomita 100, ta hanyar da ta ratsa daji. Ba zai iya zuwa ba, kuma mun sani.

Jijiyar da aka ɗinke, in aka bar ta ba motsi, mannewa take yi da naman da ke kewaye da ita, yatsa ya sandare. Tun 1975 Duran da Houser suka nuna cewa silalewar milimita 3 zuwa 5 ta isa ta hana wannan mannewar. Hanyarsu ce na fi yarda da ita ga mutumin ƙauye, domin ba ta buƙatar komai sai filastar da ke tokare bayan hannun, da ɗaya hannun mai lafiya da zai riƙa lanƙwasa yatsan a hankali. Da amincewar likitan da ya yi ɗinkin, a fara tsakanin kwana 3 zuwa 5. Kada a sallame shi sai ya yi a gabanku, ɗan rakiyarsa ma ya yi, kun gyara musu da hannunku.

Ku faɗa masa da Hausa, ba kwana-kwana: makonni ukun farko ne ɗinkin ya fi rauni, ko da ciwon ya lafa. Filasta mako 6 ce. Fartanya, gatari da kan babur sai bayan mako 12. Ga wanda aka yi wa aiki da faɗuwar damina, noman wannan shekarar ne ya tafi, don haka ku zauna da 'yan'uwansa a san wanda zai riƙe gonar. In ba haka ba, yunwa za ta mayar da shi kan fartanya. Ku hana shi zuwa wurin maɗori: gwanin ƙashi ne, amma ja da murza tsinka ɗinki suke yi.

In yatsa ya daina lanƙwasuwa farat ɗaya, manomin ya kamo hanya ranar. Don Allah ku karɓi lambar wayarsa, ku riƙa kiransa kowane mako.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a sana'a