Wa ya ce mai zane ba ruwansa da lissafi?

Tun da aka sassauta sharaɗin cin lissafi ga masu neman gurbin jami'a a fannin adabi da zane a 2025, wasu malamai suka samu abin faɗa. A makon nan ma an ji wani yana ce wa ɗalibai duk wanda kansa ba ya ja a lissafi ya koma ajin zane ya huta. Maganar nan ta ɓata wa mai wannan fili rai ƙwarai.

Da malamin ya san labarin birnin Padua na Italiya, da ya kama bakinsa. Ranar 11 ga Maris, 1944, bam ya faɗa kan cocin Eremitani, ya ragargaza zanen bangon da Andrea Mantegna ya yi kusan shekara 500 kafin nan. Aka tsince ɓaraguzai fiye da 80,000, akasarinsu ba su wuce girman kan sarki ba, aka zuba a akwatuna. An harhaɗa kaɗan, sauran suka shekara gommai a ajiye, domin babu idon da zai gane mazaunin kowane gutsure, balle ta inda zai fuskanta.

Sai Domenico Toniolo da Massimo Fornasier na jami'ar garin suka shigo. Aka ɗauki hoton kowane gutsure, aka mayar da shi lambobi. Suka ƙirƙiro dabarar lissafin da ke gane gutsure ko da an juya shi kai ƙasa, kwamfuta ta riƙa gwada shi da kowane lungu na tsofaffin hotunan zanen marasa launi da aka ɗauka kafin faɗuwar bam ɗin. Ta kan fito da 'yan wuraren da suka fi dacewa, ƙwararru su tantance da ido. A 2006 guntayen da aka gano mazauninsu suka koma bangonsu.

Gaskiya ne, abin da ya zama ƙura bai dawo ba.

Amma mu fa? Wannan fili ya sha kuka kan littattafan ajami da gara ke ci a zaurukan malamai, da bangayen zane da damina ke zaftarewa a Kano da Zariya. Bakan gizon da magini Babban Gwani ya ɗaura a Masallacin Juma'a na Zariya aikin awo ne tsantsa. Raba yara gida biyu, masu ƙwaƙwalwa da 'yan zane, sakarci ne, kuma tarihinmu ne ke biyan kuɗinsa.

Iyaye da malamai, ku bar yaron da ke son zane ya zauna a ajin lissafi har ƙarshe.