Wa Zai Koyar da Noman da Aka Sa a Manhaja?

Tun ranar da Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta yi shelar sabuwar manhajar makarantu a ƙarshen daminar 2025, ta jera sana'o'i shida waɗanda yaro zai zaɓi ɗaya daga cikinsu, aka kuwa sami kiwon dabbobi da noman lambu da na amfanin gona a cikin jerin, muke ta kasa kunne mu ji an ambaci abu guda wanda in babu shi duk shelar nan ba ta wuce tawada bisa takarda ba, watau mutumin da zai tsaya gaban yara ya koyar da su; har yau kuwa ba mu ji amsar da za ta gamsar da uban yaro a Batsari ko Safana ba. An sayo sirdi da linzami, alhali babu doki a turke. Malamin aikin gona sai an yi shekara huɗu ana tarbiyyarsa a jami'a kafin ya isa a damƙa masa amanar 'ya'yan jama'a, saboda haka duk shekarar da ta wuce ba a ɗauki kowa ba, ta ƙara wa jiran shekara guda ke nan. Abin da muke nema ga Gwamnatin Jihar Katsina ba shi da wuyar fahimta: ta ɗauko 'ya'yan waɗannan ƙasashe biyu, ta ɗauki nauyin karatunsu na malantar aikin gona, a sa su yi damina guda cikakkiya a gona kafin a ba su shahada, sa'an nan a mayar da su makarantun garuruwansu da takardar aiki a hannu.

Ba yau aka fara yi wa malami alkawari ba, shi ya sa ba mu yi gaggawar tafi ba. Ran 5 ga Oktoba 2020, ranar da duniya ta keɓe domin girmama malamai, Gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta ba da sanarwar tsarin albashi na musamman ga malaman firamare da sakandare, da alawus ga wanda aka tura ƙauye, da gidaje masu sauƙin kuɗi a karkara, da aiki kai tsaye ga wanda ya gama karatun malanta; da shekara ta zagayo kuma, Ministan Ilmi Malam Adamu Adamu ya ƙara da cewa za a riƙa ba ɗalibin malanta a jami'ar gwamnati naira 75,000 kowane zango, na kwalejin ilmi kuwa naira 50,000. Abin da kowa ya shaida ya zama doka cikin wannan tarin alheri shi ne ƙarin shekarun ritaya zuwa 65, wanda aka sa wa hannu a 2022. Watau an tsawaita wa tsohon malami zama, magajinsa kuwa an bar shi da jira. Mai shakka ya je Dutsin-Ma ya tare ɗaliban malanta, ya tambaye su mutum nawa ne cikinsu ke ganin kuɗin nan kowane zango kamar yadda aka faɗa, daga nan ya wuce Runka ko Wagini ya tambayi malamai labarin alawus ɗin ƙauye.

Dattawan cikinmu ma sun ga abin da ya fi wannan. A 1976, zamanin shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo, an kwashi ɗaliban jami'a lokacin hutu aka watsa su ƙauyuka wai su koya wa manoma noma, manoman kuwa, don kara, suka saurare su suka koma bisa abin da suka sani. A 1980 Shugaba Shehu Shagari ya zo da nasa shirin bunƙasa noma. A 1982 aka fara tsarin 6-3-3-4, wanda aka ce zai sa kowane yaro ya fita ƙaramar sakandare da sana'a a hannu, aka shigo da injuna daga ƙasashen waje, da yawa daga cikinsu suka yi tsatsa cikin akwatunansu saboda babu lantarki, babu kuma malamin da ya san kansu. Illar duk ɗaya ce, kuma ita ce ake shirin maimaitawa yanzu: hukuma tana son abin da za a kira 'yan jarida a buɗe rana ɗaya, tana kuwa ƙyamar abin da ke bukatar haƙurin shekaru, alhali ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu duba yadda ake shirya malamin nan a halin da ake ciki. Da farko dai, sau da yawa ba da son ransa ya shigo ba. Likitanci ko harhaɗa magunguna ya nema, makinsa bai kai ba, aka tura shi sashen malanta inda aka fi sassauta sharaɗi, ya karɓa don kada ya sake zaman shekara a gida. Daga nan hanya ta rabu biyu. Wanda ya shiga tsangayar aikin gona yakan yi shekara biyar, ɗaya daga ciki kacokan a gona, amma ba a koya masa yadda ake isar da ilmi ga ɗan shekara goma sha uku ba, ba shi kuma da niyyar tsayawa gaban allo sai in aikin banki ko na ma'aikata ya gagara. Wanda ya shiga malanta kuwa yakan yi shekara huɗu, ya sha darussan usulubin koyarwa da halayyar yara, ya yi 'yan makonni na gwajin koyarwa a wata makaranta cikin gari, rabonsa da gona ya zama ɗan kaɗan. Na farko yana da amali ba shi da hanyar isarwa, na biyu yana da hanyar isarwa amma abin isarwar ya yi ƙaranci, makaranta kuwa mutum ɗaya take so wanda ya haɗa biyun.

Akwai wata mas'ala kuma da ba mu taɓa jin wani jami'i ya tsaya a kanta ba, ko da yake kowane manomi ya santa. Damina a yammacin Katsina takan faɗi wajen ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, ta ɗauke wajen ƙarshen Satumba. Makarantu kuwa sukan tashi dogon hutu a ƙarshen Yuli, ba su dawowa sai Satumba ta yi nisa. Ashe ko makaranta tana da gona, yara za su yi shuka, su yi firi, su tafi gida daidai lokacin maimai da sa taki da yaƙin tsutsa, su dawo su tarar da ciyawa ta shanye kome. Kalandar jami'a ma ba ta san da damina ba, balle yajin aikin malaman jami'o'i, na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022, ya hargitsa ta har ba a san watan da zango zai faɗo ba. Ɗalibi yana iya gama digirinsa bai taɓa bin gona ɗaya tun daga sassabe har zuba hatsi a rumbu ba. Shi ya sa muka ce damina guda cikakkiya, ba ziyara a cikin bas ba, kuma a rubuta ta cikin sharuɗɗan ba da shahada yadda ba mai iya tsallake ta.

Gama yaron da za a tura wannan malami ya koyar ba baƙon noma ba ne. Ɗan Ruma ko ɗan Zakka ya tashi yana bin ubansa gandu, wataƙila ma yana da gayaunarsa. Ya san rogon da ya isa tono, ya san gonar da ta gaji ta wurin ganin ƙuduji ya yi fure a gindin dawa. In malami ya shigo ya rubuta ma'anar aikin gona da Turanci a allo, ya sa aka haddace sunayen wasu shanun Turai waɗanda ba za su kai bazara a nan da rai ba, yaron zai yi shiru don ladabi, amma ya riga ya yanke hukunci a ransa cewa ilmin boko da gona ba su haɗa hanya ba. Daɗa kuma ga mummunar al'adar nan ta mayar da fartanya abin horo, wanda ya makara ko ya yi surutu a aji shi ake tura wa nome filin makaranta, har yaro ya fita da yaƙinin cewa noma uƙuba ce, alhali malamanmu na fiƙihu sun lissafa shi cikin farillan kifaya waɗanda in al'umma duka ta bar su ta yi laifi gaba ɗaya.

Malamin da zai sami girma a idon irin wannan yaro shi ne wanda ya zo da abin da uban yaron bai sani ba, ya kuma nuna shi a ƙasa. Ya iya bayyana dalilin da ya sa karɓa-karɓa tsakanin dawa da wake ko gyaɗa ke farfaɗo da gona yana rage ƙuduji; ya san lokacin da ake duba kunnen masara don tsutsar nan da ta shigo ƙasar nan a 2016, da gwargwadon maganin da ba zai cuci mai feshi ba; ya raba fili biyu ya shuka irin gida a ɗaya, a ɗayan kuma irin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar, yara su auna abin da kowanne ya bayar da hannunsu, su kuma lissafa kuɗin taki da na ƙwadago su ga ko an ci riba. Ya san yadda manoman ƙasar Maraɗi, maƙwabtanmu na kusa, tun shekarun 1980 suka daina tumɓuke kututture suka riƙa renon tohon gawo da sauran itatuwa cikin gonaki har ƙasarsu ta sake yin inuwa. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ake iya koya daga takardar da aka kwafa daren jarrabawa.

Za a ce mana, kuma mun san waɗanda za su faɗa, wai ƙasar da aka kashe mutum talatin a Tsauwa da Dankar a dare ɗaya cikin Fabrairun 2020, aka rufe mata layukan waya da kasuwannin dabbobi a 2021, ba maganar gonar makaranta ce ta dame ta ba, a bari tsaro ya samu tukuna. Mun ji, amma da wannan hujja aka rufe bakinmu shekara da shekaru, ba a kuwa hana kowa naɗa muƙamai ko sayen motoci da ita ba. Rashin tsaron ma shi ne babbar hujjarmu. Malamin da aka turo daga nesa, da zarar ya ji an ambaci Dajin Rugu, zai fara neman wanda zai canja masa wurin aiki, ba kuwa za mu ga laifinsa ba. Wanda zai zauna shi ne wanda mahaifiyarsa ke garin, gonar gidansu ke bayan gari. Sulhun da al'ummomin yankin suka ƙulla da 'yan bindiga a 2025, kome ra'ayin mutum game da shi, ya ba wasu manoma damar komawa gonakin da suka yi shekaru ba su taka ba, kuma ba wanda ya san tsawon kwanansa. In ba a yi amfani da wannan sarari an dasa wani abu mai ɗorewa ba, to, me aka yi sulhun dominsa?

Batun kiwo ma, da yake manhajar ta ambace shi, yana da nasa nauyi a nan fiye da ko'ina. Tun zamanin Jihar Arewa aka keɓe makiyayar Ruma da Kukar Jangarai, aka yi dokar makiyayu a 1965, aka kafa Hukumar Ilmin Makiyaya a 1989, duk da haka aka wayi gari samarin ruga da yawa sun tashi ba makaranta, ba likitan dabbobi, ba mashaya, har abin da ya faru ya faru. Wa zai koyar da kiwo a Safana, in ba a sa 'ya'yan Fulanin da suka yi karatu cikin waɗanda za a ɗauka ba? Yaron da ya san ciwon saniya tun daga yadda take tafiya, in aka ƙara masa ilmin rigakafi da na adana harawa da na tsabtar madara, ya zama malamin da ɗan manomi da ɗan makiyayi za su zauna gabansa a benci ɗaya.

Abin takaicin shi ne kayan aikin duk suna kusa. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana da tsangayar aikin gona tana da ta ilmi, tana kuwa maƙwabtaka da Safana. A garin Dutsin-Ma ne kuma Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita take, mai ɗauke da sunan mutumin da ya riƙe Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Arewa zamanin Sardauna. Madatsar Zoɓe, wadda aka gama tun 1983 ta kuma yi shekaru masu yawa ba a ci moriyarta yadda ya kamata ba, tana nan da ruwan da zai ishi ɗalibai koyon noman rani. A birnin Katsina ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, wadda mallakar jiha ce, gwamna ba ya bukatar izinin Abuja kafin ya yi magana da ita. Kwalejin Katsina ma, da ake ta alfahari da ita a kowane taro, domin horar da malamai aka buɗe ta tun farkon shekarun 1920, daga lardi-lardi aka riƙa zaɓo mata yara, su gama a mayar da su lardunansu su koyar. Mu ba mu zo da bidi'a ba.

Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya karanci aikin gona, ya kuma taɓa riƙe alli, saboda haka ba sai an yi masa dogon sharhi ba. Gwamnatinsa ta ɗauki dubban malamai ta hanyar jarrabawa, mun kuwa yaba a lokacin. Yanzu muna so Ma'aikatar Ilmi ta jiha ta fito ta faɗa wa jama'a makarantun sakandare nawa ne a Batsari da Safana ke da malamin aikin gona wanda ya karanci fannin, nawa ne kuma ke da gonar da ba a yanka ta filaye an sayar ba. Muna so hakimanmu, Sarkin Ruma da Yariman Katsina, tare da shugabannin ƙananan hukumomin biyu, su tattara sunayen samari da 'yan mata masu sha'awa daga kowace gunduma kafin a buɗe rajistar jarrabawar shiga jami'a mai zuwa. 'Yan majalisar da ke wakiltar ƙasashen nan biyu a Majalisar Dokoki ta Katsina kuma su tabbata kuɗin karatun, da na daminar gona, da guraben aikin, sun fito da sunansu a layi na kansu cikin kasafin kuɗi, ba a cusa su ƙarƙashin wani babban take da za a karkatar ba. Za mu karanta kasafin in ya fito, mu buga abin da muka gani a ciki.