Ledar da ke tumbin rago, tana jiran raƙumin dawa

Ƴan uwa, ku tambayi kowane mahauci a Maraɗi ko Damagaram abin da yake tararwa in ya farke tumbin rago. Leda ce, dunƙule guda, wani lokaci har ta yi tauri kamar dutse. Rago ke nan, mai ubangida, mai samun dusa. To dabbar daji fa?

Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, su ne ragowar irinsu a duk Afirka ta yamma. A 1996 saura 49 kacal. Da ƙyar suka farfaɗo suka haura 600, har a 2018 aka kai takwas gandun Gadabeji, wajen Dakoro. Muna alfahari da ƙidaya, amma ƙidaya ba ta leƙa ciki.

Raƙumin dawa da barewa dabbobi ne masu tuƙa, kamar saniya. Ba su ke narkar da ganye da kansu ba. Cikin tumbinsu akwai ƙananan halittu bila adadin da ido ba ya gani, su ke ruɓar da ganyen gawo da na ƙaya, su mayar da shi ƙarfin jiki. In waɗannan halittu suka rikice, dabba tana ci tana ramewa, ga zawo, ga cuta ta samu ƙofa. Me ke rikita su? Ledar da iska ke ratayewa bisa ƙaya, daidai inda suke kiwo. Maganin feshi a gonar wake, kuma manoman Kure sun san yadda raƙuman nan ke son wake. Sai antibiyotik da ake sayarwa a kasuwar dabbobi kamar gyaɗa: wani kaso yana fita ta fitsari da kashi, ruwan sama ya kwashe shi zuwa tabkin da kowa ke sha, har mu.

Tun Nuwamban 2014 ƙasar nan ke da dokar hana shigo da ledar nan marar kauri da sayar da ita. Wallahi ku je kasuwa gobe, tumatir na dala ashirin ma a leda za a ba ku.

Muna neman magadan gari da duwan su aiwatar da dokar, a fara da kasuwannin da ke kewaye da Kure da Gadabeji. Jami'ar Abdou Moumouni da ta Dan Dicko Dankoulodo kuma su haɗa kai da ma'aikatan gandun daji a riƙa auna kashin dabbobin nan kowace damina da kowane rani. Ba sai an kama ko ɗaya ba, kashin na nan ƙasa, tsinta kawai za a yi.