Bashin da Tunkiya ke Bin Huhunmu

A Dakko na tashi, inda ake yanka rago ranar suna babu mai cewa uffan. Amma da zarar an ce masana na gwaji a huhun tunkiya, sai ka ji ana salati, wai zalunci ne. Ni kam ban yarda ba, kuma ga hujjata.

A 1967 likitoci a birnin Denba na Amurka suka bayyana wata matsananciyar sarƙewar numfashi a jikin majinyata 12. Ruwa ne ke cika ƙananan aljihunan iska na huhu, mutum ya nutse alhali yana kwance kan gado. Wa zai ba da ɗansa a gwada magani a kansa? Dole aka koma ga dabbobi. A 1974 gwaji a kan ɓeraye ya nuna cewa na'urar taimakon numfashi kanta tana raunata huhu idan ta hura iska da ƙarfi. A 2000, da aka rage yawan iskar ga majinyata, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 40 cikin ɗari zuwa 31.

Tunkiya kuwa alherinta ya fi haka. A ƙasar Niyu Zilan, Graham Liggins ya lura cewa wani sinadari na gaggauta nunar huhun ɗan tunkiya tun yana ciki. Daga nan aka samo allurar da ake yi wa mai naƙudar bakwaini. Yayata ta amfana da ita, ɗanta yau yana makaranta.

Masu suka suna da gaskiya a wuri biyu. Dabba tana jin zafi, don haka wajibi ne a gusar mata da shi, a kuma taƙaita adadin da ake gwaji a kansu. Sannan ba kowane maganin da ya warkar da ɓera ke warkar da mutum ba. Sai dai gyara ake yi wa rijiya, ba a cike ta don guga ya tsinke.

Abin kunyar namu ne. Tumaki sun cika kasuwar Talata Mafara, ga tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga ƙurar hunturu, hayaƙin murhu da ƙurar dutsen zinariya suna cin huhunmu. Har yaushe za mu zauna jiran wasu su bincika mana numfashinmu?